Sallamar da Ta Kore Ni

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon bayan Mama?

Kin ce in faɗa miki aikin da na samu. Wallahi ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Akwai wata na'ura mai ƙwaƙwalwa da muke kira Wakili, ana aikenta kamar mutum. Tana da kayan aiki iri-iri, wani na tura saƙo, wani na buɗe ƙofa, amma ba ta ganinsu. Bayanin da aka rubuta a kan kowanne kawai take karantawa ta zaɓa, kamar ki aiki baƙo kicin inda robar gishiri da ta sukari iri ɗaya ce. Abokin aikina Dogo ke rubuta bayanin, ni kuma in duba in ce ya yi ko bai yi ba.

Oga ya ce bayani mai kyau gajere ne. Mataimakiyarsa ta ce gajeren bayani lalaci ne. Ni dai kai nake gyaɗa wa kowa, don gwaji aka ɗauke ni, ƙarshen wata za a ce in zauna ko in kama gabana. Yau dai na samu bayani mai sauƙi: "Sallama: yana yi wa ma'aikaci sallama." Gajere, ga ladabi. Na ba shi maki cikakke.

Ki gaida Mama, ki ce ta ci gaba da addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Ni dai jikina lafiya, kaina ne ya ɗaure.

An kore ni. Ko kuma ba a kore ni ba. Ki tsaya ki ji.

Jiya Mataimakiya ta umarci Wakili ya yi wa sababbin ma'aikata sallama, wai don mu ji an san da mu. Ya leƙa kayansa, ya ga Sallama, ya danna. Da safe na kara katina na shiga ofis a ƙofa, ta ƙi buɗewa. Na goge shi a gefen mayafi, na hura masa iska, ko gezau. Sai ga saƙo a waya ana gode mini bisa hidimar da na yi, ana yi mini fatan alheri a gaba. Ni da wani sabon akawu muka zauna a bencin maigadi muna kallon juna.

Ashe kayan korar ma'aikaci ne! Da Dogo ya fito na tsare shi, ya ce shi nauyin kalmar "kora" ya ji, ba tarbiyya ba ce a rubuta ta ƙiri-ƙiri, ai kowa ya san abin da ake nufi. Kowa ban da ni da Wakili ke nan. Na so in wanke shi tas, sai na tuna wadda ta ba shi maki cikakke. Tsoro nake ji, Yaya. Wadda ta sa hannu aka kori kanta, wa zai riƙe ta?

Kada ki faɗa wa Mama tukuna.

Taki,
Auta

Yayata,

Na ga saƙonki, na gode. Dariyar da kika yi kuma Allah ya isa, amma na yafe.

Akwai kayan da ke mayar da wanda aka kora, sai dai Wakili ba ya taɓa kayan da ban amince da bayaninsa ba, ni kuma ina waje. Oga da kansa ya kawo mini bayanin har benci, ya miƙo mini biro, ya ce in sa hannu mu huta. Na karanta: "Mayarwa: yana mayar da ma'aikaci inda ya fito."

Yaya, ina ne inda na fito? Ofis, ko ɗakin Mama? Sa hannu ɗaya zai iya buɗe mini ƙofa. Akawu yana ta zungurina da gwiwar hannu. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Na rubuta bai yi ba, na ce a faɗi inda za a mayar da mutum, da lokacin da bai kamata a taɓa kayan ba.

Oga ya karanta abin da na rubuta, ni kuma na fara tunanin kuɗin motar komawa gida. Sai ya ce tunda na zo, yau ne na fara aiki, kuma an riƙe ni.

To ga ni a riƙe, amma a waje. Dogo ya sake kawo wani bayanin ɗazu, na mayar masa, don har yanzu kunya yake ji. Akawu ya daina gaishe ni. Ni na hana kaina shiga, kuma wai saboda haka ne aka ba ni aikin. In kin gane, ki fahimtar da ni.

Yanzu kina iya faɗa wa Mama. Ki haɗo ni da matashi in kin samu mai zuwa, bencin nan akwai tauri.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta