Waƙar da Baba Yake Bugawa da Yatsa

Zuwa ga Gwaggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi da girmamawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mutanen gida baki ɗaya. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, ya raya miki zuri'a. Ni ce 'yar ƙaninki ta biyu, wadda kike kira 'Yar Shiru saboda ina ɓuya bayan ƙofa in baƙi sun zo. Yanzu ina aji huɗu na sakandare. Mama tana nan lafiya, sai dai ta rame. Yaya ya gama makaranta yana koyon aikin lantarki, Auta kuma ta shiga aji uku na firamare. Ki yi haƙuri da na rubuto miki ba tare da wani babba ya sa ni ba. Sau uku ina fara takardar nan ina yagewa.

Na san labarin ciwon Baba ya iso gare ki, amma ban san ko an gaya miki yadda abin yake ba. Wata huɗu ke nan da ya faɗi a wurin aiki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta fara dawowa, yana takawa daga gado zuwa kujerar bakin taga in an riƙe shi. Maganar ce ba ta dawo ba. Yana jin duk abin da ake faɗa, yana ganewa, sai ya buɗe baki ya yi ta ƙoƙari har jijiyar wuyansa ta tashi, ba abin da ke fita. Duk Litinin da Alhamis muna kai shi asibiti wurin wata malama mai koya wa irinsu magana. Makon jiya ta kira Mama gefe, ina riƙe da jakar magani ina ji. Ta ce masu jiran layi suna da yawa, kuma ƙa'idarsu ita ce in an yi wata huɗu ba a ji ko kalma ɗaya ba, sai a ba wani gurbin. Ta roƙa mana ƙarin mako biyu. Yau saura kwana goma sha ɗaya.

Ita malamar ce ta kawo maganar waƙa. Ta ce a cikin waɗanda ta koya wa, akwai waɗanda suka kasa cewa ruwa amma suka rera baiti guda ba gargada, daga nan magana ta fara ɓullowa. Ta ce ba kowace waƙa ba, a nemi wadda take tashe lokacin da mutum yake shekara goma sha uku ko sha huɗu, wadda ake ji a kowane shago da kowace mota, domin a ganinta ita ce take zama ma'aunin duk abin da kunnensa zai so daga baya. Yaya ya yi dariya a hanya, ya ce bai sani ba ko asibiti muka je ko wurin makaɗa. Mama ta ce ai mutumin da ke kashe rediyo da zarar an gama labarai ba shi da wata waƙa. Kin san halin Baba, ko fito mutum ya yi a gidanmu sai ya ji a jikinsa.

Ni dai na gwada maganar a kaina. Waƙar da ta cika gari ina aji biyu na sakandare, har yanzu in na ji ta sai ƙafata ta motsa ƙarƙashin benci, kuma na lura duk sababbin da nake so masu irin tafiyarta ne. Mama ma da take musu, waƙa ɗaya tak take yi in tana wanki, tun ina goye. Na kuma lura da wani abu da ba wanda ya kula da shi. In Baba yana zaune bakin taga da la'asar, yatsun hannunsa na hagu suna bugun hannun kujera. Mama ta ɗauka rawar jiki ce ta ciwo. Na zauna na ƙirga kwana uku a jere. Bugu uku ne da sauri, ya ɗan tsaya, sannan biyu a hankali. Bai taɓa canzawa ba.

Sai na ɗauko katin shaidarsa daga aljihun rigar aikinsa, na duba shekarar haihuwa, na ƙara goma sha uku. Na kai lissafin wurin tsohon nan mai gyaran rediyo na bakin titinmu, wanda shagonsa ke cike da kaset har rufi. Sai da na wuce ƙofar sau biyu kafin na iya shiga. Ya saurare ni yana goge tabarau, ya ce shi bai yi karatu ba amma malamar ta yi gaskiya, duk wanda ya shigo shagonsa waƙar ƙuruciyarsa yake nema, kuma kowa sai ya rantse cewa daga shekarar nan waƙa ta mutu. Ya ara mini kaset uku na wannan shekarar da wata 'yar rediyo mai murfi a ɗaure da roba.

Gwaggo, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Na kunna na farko, Baba ya dube ni kawai. Na kunna na biyu, ya juya fuska ga bango. Da na saka na uku sai ya kai hannu ya share kofin shayi daga kan tebur, ya tarwatse a ƙasa, numfashinsa yana fita da ƙarfi. Mama ta shigo da gudu, hannunta duk kumfa. Ta ce so nake jininsa ya sake hawa in kashe mata miji, kuma kada ta ƙara ganin kaset a ɗakin nan. Yaya yana kwashe fasassun kofi yana kirana Farfesa, yana tambaya ko sakamakon binciken ke nan. Ban ci abinci ba ranar.

Shekaranjiya ina gyara akwatin Baba na ga wani hoto, ke da shi kuna tsaye gaban wata ƙofa, yana sanye da kayan makaranta da suka yi masa yawa. A baya an rubuta kwanan wata, da cewa ranar da ya shiga aji ɗaya na firamare ce. Na yi lissafi da shekarar da ke katin, ya ba ni shekara goma sha ɗaya. Amma yaron da ke hoton ba shi da haƙoran gaba, kansa bai kai kafaɗarki ba. Na kai wa Mama. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ta taɓa jin an ƙara masa shekaru lokacin da zai nemi aiki don kada a ce ya yi ƙanƙanta, amma ba ta san ko nawa ba ne. Ashe waƙoƙin yayyensa na kunna masa. Ina ganin ba haushin waƙa ya ji ba, haushin ya ga na zo kusa na kuskure ne, shi kuma ba bakin gyara mini. Mai gyaran rediyo ya ce in na kawo shekarar gaskiya zai nemo, amma Mama ta ce ba za a mai da maigidanta abin gwaji ba. Dama ɗaya ta ba ni, ita ma sai da na yi kuka.

Shi ya sa na rubuto miki. A cikin waɗanda suka san shi yana yaro, ke kaɗai kika rage. Mama ta ce Kaka ta taɓa gaya mata cewa da can Baba yakan yi waƙa a tsakar gida, ke kina buga masa bokiti. Ban san abin da ya sa ya daina ba. Ban kuma san abin da ya shiga tsakaninku ba tun rasuwar Kaka, shekara shida ba ku gaisa ba, kuma ba hurumina ba ne in tambaya. Abin da nake roƙo shi ne shekarar haihuwarsa ta gaskiya da sunan waƙar. In kuma za ki iya, ki kira wayar Mama, lambar tana bayan takardar nan, ranar Asabar ko Lahadi da la'asar lokacin da yake bakin taga, ki rera masa da bakinki. Na fi yarda da muryarki a kan kaset. Maƙwabcinmu direban babbar mota ne zai kawo miki takardar, ya ce kwana biyu zai yi a hanya. In ta iso, saura kwana tara.

Ki gaishe mini da Baffa maigidanki, da 'yan biyu, da babbar 'yarki da jaririnta da ba mu gani ba tukuna. Auta tana gaishe ki ko da yake ba ta tuna fuskarki. Mama ba ta san na rubuto ba, zan gaya mata in motar ta tashi.

A gefen kujerar Baba nake ƙarasa rubutun nan. Ɗazu na yi ƙarfin hali na gaya masa ke nake rubuta wa. Ya daɗe yana kallona har na ɗauka zai fizge takardar ya yaga. Sai ya miƙo hannun hagu, ya karɓi biron, ya ja takardar kan cinyarsa. Ba ya iya rubutu da wannan hannun. Ɗigogin da za ki gani a ƙasan sunana nasa ne, uku a manne, sai fili, sai biyu. Don Allah, Gwaggo, ki buga su da yatsa a kan tebur ki ji.

Taki mai biyayya,
'Yar Shiru