Hanyar da Lantarki ke Dawowa

Zuru, daren Laraba

An ɗauke wuta tun la'asar, kwamfutata ta mutu lissafin bai kai ko rabi ba. Malamina na jami'a yana can yana jiran sakamako, ni kuma ina nan ina jinyar Mama. Duk unguwar nan ba wanda zan yi wa zancen aikina.

Ɗazu ina shafa mata man zafi a ƙafa sai ta ce, "Wai mi kike biɗa cikin injin nan kullum, Rahila?"

Na yi mata bayani iya iyawata. Na ce akwai tauraron da ya mutu amma bai daina juyawa ba, pulsar ake ce masa. Ƙarfin maganaɗisunsa yakan fizgo ƙwayoyin lantarki daga jikinsa, su lulluɓe shi kamar hayaƙi, wasu su tsere can sararin da ba iyaka. Amma duk lantarkin da ya fita dole ya dawo masa. Hanyar dawowar ce nake nema.

Ta lumshe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Dole ya dawo?"

Na ce dole.

"To in kin gano hanyar, ki gaya ma Bitrus."

Tun bara da aka tura su Yaya Bitrus daji da sauran sojoji, wayarsa ba ta sake shiga ba. Na kasa ce mata wannan dokar ta taurari ce kawai. Na ci gaba da shafa ƙafar.

Yanzu ta yi barci. Amma ta hana ni sa wa ƙofa sakata.