Saratu da Janaretan Maƙwabci

Daren Talata, Yelwa

Dare na huɗu ke nan ɗiyata Saratu ba ta barci sai gab da asuba. Yau malamarsu ta aiko cewa gyangyaɗi kawai take yi a aji. Na gwada duk dabarun da na karanta: wanka da ruwan ɗumi, ɓoye waya, tatsuniya. Ni na fara bingirewa, ita ta tashe ni in ƙarasa.

Inna ce ta gano. Ta ce, "Kai da karatunka! Tun da anka haifi ɗiyar ga, da ƙarar janaretan maƙwabci take kwana. Yanzu wuta ta zauna, ya kashe."

Duk gari ana murna, ban da ni. Na ajiye kunya na je na roƙi maƙwabcin namu, Alhaji, ya tada injin. Ya dubi ƙwan lantarki, ya dube ni. "Malam, lafiyarka kuwa?" Ya rufe ƙofa yana dariya.

Ga ni nan bakin gadonta da furfurata, ina kwaikwayon janareta da baki. Da na tsaya jan numfashi, sai ta buɗe ido ta ce, "Baba, man ya ƙare ne?"