Damisarka Ta Ji Rauni, Yaya Danladi

Zuwa ga yayana Danladi,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya a can Indiya, kai da abokan aikinka. Ni ce ƙanwarka Rifkatu. Mama tana gaishe ka.

Na yi ta kiran layinka ba ya shiga, saƙonnina kuma babu alamar ka buɗe su. Na san ka ce dajin da kuke ɗaukar hoton damisa babu sabis sai in kun fito gari. Shi ya sa na rubuta a shafina na intanet, inda na san kana leƙawa da zarar ka samu hanya. Masu karantawa ku yi mini haƙuri, maganar gida ce, amma ta riga ta fi ƙarfin gida.

Yaya, ka tuna lokacin da kake ɗaukar hoton biki a Kafanchan? Ranar auren wata 'yar cocinmu, ango da amarya sun gyara tsayuwa suna ta murmushi har kumatunsu suka gaji, kai kuwa ka juya kyamara kana bin wani tsuntsu a kan mangwaro. Mama ta ce, "Wannan yaron daji ne ya haife shi, ni goyo kawai na yi."

Daga tsuntsaye ka koma hawan dutsen da ke bayan ƙauyenmu, can wajen Madakiya. Ka ɗaure ƙaramar kyamara a jikin bishiya, irin wadda take ɗauka da kanta idan wani abu ya gifta. Wata rana ka sauko da wani hoto ka nuna mana. Damisa ce tsakanin duwatsu, ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta juyo da fuska. Tsofaffi sun daɗe suna cewa tun zamanin kakanmu damisa ta ƙare a dutsen nan. Ka ce mana, "Kada kowa ya ji. Ranar da aka sani, ranar ta mutu." Ka wanke guda ɗaya ka ba Mama, ta ajiye a ɗakin kwananta.

Wannan hoton ne ya kai ka inda kake. Masu aikin kare damisar can suka gani, suka gayyace ka.

Saƙon muryarka na ƙarshe yana nan a wayata. Ka ce tasu ta ninka tamu girma, ratsi-ratsi gare ta ba ɗigo-ɗigo ba. Ka ce kuna cikin buɗaɗɗiyar mota ta fito daga ciyawa, direba ya kashe inji, ta wuce dab da ku har kana jin numfashinta. Kana ba da labarin kana dariya. Ni ban yi dariya ba, domin na san muryarka, na ji inda take karyewa. Tun daga ranar nake addu'a Allah ya raba ka da damisar Indiya. Ban san ta gidanmu ce za ta hana ni sukuni ba.

Bari in faɗa maka abin da ya faru daki-daki.

Maraƙin Malam Buba ne ya fara ɓacewa, Malam Buba mai rugar gindin dutse, wanda matarsa Inna Hajara take kawo wa Mama nono. Aka tsinci ragowarsa a kwazazzabo. 'Ya'yansa suka ce samarin ƙauye ne suka yanka, ramuwar masarar da shanu suka ci bara. Ba a jima ba awakin Baba Yohanna maƙwabcinmu suka fara ɓacewa su ma. Samarinmu suka ce ai Fulani ne suke ramawa.

Ka san ƙasarmu, Yaya. Ka san abin da ƙaramar magana irin wannan ta sha jawowa. Kasuwa ta fara watsewa tun rana tana sama. Inna Hajara ta daina zuwa. Mata suka fara turo yara Kafanchan inda nake zaune, ɗakina ya cika da 'ya'yan maƙwabta. Na je gida na tarar da samari a gindin ɗorawa suna wasa adduna, babu mai amsa gaisuwa da kyau. Wasunsu na koya musu karatu a makarantar Lahadi.

Dagaci ya kira taro, manoma gefe guda, makiyaya gefe guda. Ana cikin ɗaga murya sai ga Mama ta shigo da abu a naɗe cikin zanen zumuntar matan coci. Ka san mata ba su cika magana a wurin nan ba. Ta ratsa tsakiya, ta buɗe zanen, ta ɗaga hoton damisar da ka ba ta sama. Ta ce, "Ba Fulani ba ne, ba yaranmu ba ne. Ga ɓarawon nan."

Malam Buba ya karɓi hoton ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wallahi na ga sawun tun ranar maraƙi. Na yi shiru ne don in na faɗa, 'ya'yana za su ce tsoro nake ji, ku kuma ku ce ƙarya nake yi." Baba Yohanna ya taso ya kama hannunsa.

A hanyar komawa gida Mama ta ce mini, "Na san Danladi zai yi fushi. Ya yi. Ni ban iya tsayawa a binne ɗan wani saboda babbar kyanwa." Kada ka ga laifinta. Da kana wurin ka ga idanun samarin nan, da kai ma ka ɗauko hoton da kanka.

Sai dai abin da ka faɗa bai faɗi ƙasa ba. Waɗanda suka tashi kashe juna su ne suka haɗa kai suka hau dutsen, mai adda da mai sanda. Suka ɗana tarkuna da wayar birkin babur a duk hanyar ruwa. Wani mutum ya zo da mota daga wajen Jere yana tambayar wa zai samo masa fatar. Na je na durƙusa gaban dagaci na ce damisar nan wataƙila ita kaɗai ta rage. Ya ce, "'Yata, je ki faɗa wa mai akuya."

Na dawo ƙauye don in taya Mama haƙar citta. Wata safiya Malam Buba ya zo ya kira Baba Yohanna su je su duba tarko, na bi su. Ban taɓa ganin wuri irin wannan ba. Ƙasar ta tone kamar an yi huɗa. Bishiyar da aka ɗaure wayar duk an kwashe mata ɓawo da haƙora. Jini a kan duwatsu, ƙudaje sun taru. Wayar ta tsinke, a cikin zargen kuma ga yatsu da farata, sun rage a nan.

Malam Buba ya bi sawun da sandarsa. Ƙafa uku tana takawa, ɗaya tana ja. Can gaba kaɗan ya tsaya, ya nuna mana wasu ƙananan sawu a gefen nata. Yaya, tana da 'ya'ya.

Ya cire hularsa ya ce, "Yanzu ne muka shiga uku. Mai lafiya gudun mutum take yi. Wannan ba za ta ƙara kama gada ba, sai abin da ba ya gudu."

Gonar cittar Mama ita ce ta ƙarshe kafin dutse.

Ran nan muna gonar da hantsi, Mama ta sunkuya tana haƙa, ni ina kakkaɓe ƙasa. Birai suka fasa ihu a saman dutse, sannan suka yi shiru gaba ɗaya. Tsuntsaye ma suka yi shiru. Daga cikin dogayen ciyawar bakin gona na ji wani sauti kamar ana yanka katako da zarto, a hankali, ya tsaya, ya sake. Na tuna ka taɓa ce mini, "In kin haɗu da ita kada ki gudu, kada ki sunkuya, kada ki ba ta baya." Na kama Mama na miƙar da ita tsaye, muka dinga ja da baya, ina jin bugun zuciyarta a tafin hannuna. Ban ga komai ba sai ciyawa tana motsi inda babu iska. Fartanyar Mama tana can har yau.

Na roƙe ta ta bar gonar, ta ƙi. Ta ce cittar nan ita ce abincinta na shekara, in aka bar ta a ƙasa za ta lalace.

Yanzu ban san abin da na fi tsoro ba. Ina tsoron ta faɗa wa wata mace a rafi, ko yaro a hanyar makaranta, ko Mama. Ina tsoron su kashe ta, 'ya'yanta su mutu da yunwa a cikin kogo, kai kana can kana taya wasu kare tasu. Wasu suna maganar zuba guba a mushe, a kan dutsen da ruwan shanmu yake gangarowa. Wasu sun ce a cinna wa dutsen wuta.

Kai ma ina tsoronka. Na san halinka. Za ka sauka Abuja, ka bi ta Jere da Kagarko, ka ajiye jaka ko ruwa ba ka sha ba ka nufi dutsen kai kaɗai. Kada ka yi, don Allah. Wadda ka ɗauka a hoto tana da ƙafa huɗu da cikakken ciki. Wannan ba ita ba ce.

Ga abin da nake so ka yi. Ka taɓa faɗa mini mutanen can suna da bindigar allura mai sa dabba barci, su yi mata magani ko su kai ta wani dajin. Ka tambaye su. Ka tambaye su ko akwai wanda suka sani a ƙasar nan da zai iya zuwa. Ka tambaye su me matan ƙauyukansu suke yi idan za su je gona da rafi, domin ka ce su ma a bakin daji suke zaune. Ko mene ne suka faɗa, ka turo, zan karanta a coci, Malam Buba zai faɗa a masallaci.

Mama da Malam Buba sun koma wurin dagaci tare. Ya yarda an kwance sauran tarkunan, ya hana guba da wuta har sai an ji daga gare ka. Amma ya ce a gabana, "Ranar da ta taɓa mutum, babu sauran magana." Duk ƙauyen kai yake jira, Yayana, ni kuma ko ringin wayarka ban samu ba.

Ubangiji ya tsare ka a dajin da kake, ya rufe bakin kowace dabba a gabanka. Ya tsare Mama, da Inna Hajara, da yaran da ke bin hanyar gindin dutse. Ya ji tausayin wannan halitta tasa da muka raunata, ya ciyar da ita da 'ya'yanta nesa da mu. Ya buɗe maka hanya ka ga saƙon nan da wuri. Amin.

Gobe ma Mama za ta tafi gona. Na ari wata fartanyar, zan bi ta.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Rifkatu