Sifilin Majo Audu

Madarumfa, 26 ga Fabrairu, 1996

Zuwa ga Yaya Ashiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Yaya Jamila da yara. An yi sallah lafiya? Ya aikin asibiti, ya Jibiya? Ya ƙarin haƙurinmu na Goggo Delu? Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Yaya, ranar zaman makoki mutane sun yi yawa, ban samu na yi maka magana ba. Bayan tafiyarka na zauna da mijinta, Baba Hassan, na tambaye shi komai dalla-dalla. Ya ce Goggo ta tashi da zazzaɓi da ciwon kai, kafin azahar wuyanta ya sandare, ba ta son ganin haske. Suka kai ta gidan likita na Garin Kurna. Majo Audu, wanda ke riƙe da wurin, ya tallabi ƙeyarta, ya ga wuyan ba ya lanƙwasuwa. Bai buɗe kayensa ba, bai rubuta sunanta ba. Ya fito bakin ƙofa ya nuna kudu da hannu, ya ce su wuce Jibiya, can sun fi mu magani. A amalanken jaki aka ɗora ta. Ba su kai iyaka ba rai ya yi halinsa.

Kai ma'aikacin lafiya ne, ka san sanƙarau ne. Shi ma ya sani. Kuma yana da allurar, don kwalin da aka aika masa cikin Janairu ni na rubuta fitarsa.

Ba ka san aikina sosai ba, bari in gaya maka. Tunda na fito lakwal, wato makaranta, Dokta, shugaban ofishinmu na lafiya, ya ba ni ordinatar ɗin ofis, abin da kuke kira kwamfuta. Kowace Litinin majojin ƙauyuka, masu riƙe da gidajen likita, suna faɗo mini ta radiyo mutum nawa sanƙarau ya kama a yankinsu. In buga, na'urar ta haɗa, in sa a disket a kai Maradi. Yankin Garin Kurna mutum wajen dubu talatin ne. In aka samu mutum biyar a sati, sati biyu a jere, Maradi za ta turo masu lamba a yi wa kowa rigakafi. In ba a samu ba, maganin ya tafi inda aka samu.

Tun farkon shekara amsar Majo Audu ɗaya ce: sifili. Wanda ba ka kwantar ba, ba naka ba ne, haka tsarin yake. Duk mai sandararren wuya sai ya tura muku, yankinsa ya zauna fes a takarda. Yaya, sifilin satin da Goggo ta rasu, da wannan hannun nawa na buga shi.

Kai Kawu ya ɗauke ka kana ƙarami, ni ita ta goya. Ban yafe ba, kuma kada ka ce in yafe. Sai na ga an tuɓe wa mutumin nan farar riga. Amma ba ni da hujja sai maganar tsoho mai makoki. Don Allah duba littafinku, ka ƙirgo mini mutanenmu da kuka kwantar tun Janairu, da garin kowa. Ka ba Musa direba ranar kasuwa. Kada ka ce wajen, ko kusan. Adadin nake so daidai.

Ka gaida Yaya Jamila da Kawu. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Zulai

Madarumfa, 7 ga Maris, 1996

Zuwa ga Yaya Ashiru,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ya jikin Kawu, ƙafar ta yi sauƙi? Mu nan lafiya sai zafi.

Takardarka ta iso. Da na karanta cewa babu ɗan Nijar ko ɗaya a littafinku, sai na ninke ta na ajiye. Na ce ko ni ce na yi kuskure, ko na ɗora wa bawan Allah laifi saboda baƙin ciki. Ban iya cin abinci ba. Sai na sake duba jerin da ka kwafo mini, na ga mutum tara duk gidansu ɗaya, gidan Alhaji Ɗan Baba mai gyaɗa. Yaya, ai nan ne masaukin mutanen Garin Kurna in sun zo kasuwa! Ka manta halinmu? Baƙo in an tambaye shi gida, gidan mai masaukinsa yake faɗi. Ba ƙarya ba ce a wurinsa, girmamawa ce, ga kuma tsoron kada a ce masa baƙon ƙasa ne a kore shi. Don haka a wurinku su 'yan Jibiya ne, a wurinmu kuma lafiyarsu ƙalau.

Ka daina tambayar gida. Ka tambayi mai jinya ina gonarsu take. Manomi ba ya musun gonarsa.

Na tambayi Dokta ko ba za mu nemi adadin a hukumance ba. Ya yi dariya, ya ce sai ya bi ta Katsina ya je babban birninku, ya zagayo Yamai, ya sauko Maradi, kafin nan damina ta sauka cutar ta tafi da kanta. Tsakaninmu da ku tafiyar hantsi ce a mota.

Ranar Litinin aka yi taron majoji a nan. Majo Audu ya shigo yana ƙamshin turare, ya same ni gaban na'ura. Ya ce, “'Yar lakwal, ya talabijin ɗin naki, yau wane fim ake yi?” Aka yi dariya. Sai ya sauke murya ya yi mini ta'aziyya, wai tsufa ne, wa'adi ba ya wuce ranarsa. Na ce na gode, Majo. Na juya ga na'ura na danna abin da ba shi ba, sai da na sake aikin. A taron aka yabe shi, yankinsa ne kaɗai bai kawo ko mutum ɗaya ba, kuma ana maganar a ƙara masa girma a kai shi Maradi. Bari ya ci gaba da dariya. Ramin da ya gina nake aunawa, taku-taku.

Ka gaishe da mutanen gida.

Ƙanwarka,
Zulai

Madarumfa, 19 ga Maris, 1996

Zuwa ga Yaya Ashiru,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Sannu da ƙoƙari, na san gadajenku sun cika har ana kwantar da mutane a baranda. Allah ya ba ka lada.

Tambayar gona ta yi aiki. Goma sha ɗaya a sati na farko, goma sha huɗu a na biyu, duk daga ƙauyuka biyar na yankin Garin Kurna. Na ƙirga sau uku, na cire mutum biyu da nake shakkar ko 'yan yankin Safo ne, amma duk da haka an wuce ƙa'ida nesa.

Na kai wa Dokta da gudu. Ya duba. Ya ce ya yarda, amma na'urata ba ta da gurbin marar lafiyar da aka kwantar a wata ƙasa, Maradi kuma ba ta karɓar adadi sai da hatimin majon yankin. Takardarka a wurinsu wasiƙar wa da ƙanwa ce kawai. Ya ce in hau kabu-kabu in kai wa Majo Audu ya kwafa a takardarsa ya buga hatimi, a wuce wurin.

Ka gane abin da wannan ke nufi? Zai zama shi ne ya gano cutar. Shi ya bi sawun mutanensa har ƙetare, shi ya ceci yanki. Ni zan kai masa tsanin da zai hau.

Akwai wata hanyar. Ranar biyu ga wata mai zuwa babban mai duba aiki zai zo daga Maradi, majoji duka za su hallara. In na riƙe takardar zuwa ranar, na ajiye ta kusa da sifilinsa a gaban kowa, ba shi da mafita. Na ce wa Dokta zan je in na gama rahoton wata. Ƙarya na yi masa. Na yanke shawara zan jira.

Na san me za ka ce. Sati biyu ne kawai, Yaya, shi ya yi wata biyu da rabi yana yi. Me ya sa kullum mu ne za mu haɗiye? Ka ci gaba da aiko mini, kowane suna ƙarin igiya ne a wuyansa.

Ƙanwarka,
Zulai

Madarumfa, 4 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga Yaya Ashiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar girma, ina fata kana lafiya da iyali. Ina fata kuma fushinka ya sauka.

Amsarka layi biyu ce. Goma sha tara a satin nan, huɗu ba su tashi ba. Sai ka ƙara da cewa waɗannan ba igiya ba ne, mutane ne. Na karanta a tsaye, ban koma ofis ba, na tare kabu-kabu. Kwanakin da na riƙe takardar suna nan a wuyana, ban san wa suka ci ba, kuma na'ura ba za ta gaya mini ba.

Na sami Majo Audu yana shan shayi. Ya karanta, launin fuskarsa ya sauya, amma cikin ƙiftawar ido ya gane ribarsa. Ya ce ai daman yana da niyyar bincikawa, ƙanwata kin kyauta. Ya kwafa da kyakkyawan rubutunsa, ya buga hatimi har teburin ya girgiza. Na koma na buga, disket ya tafi Maradi. Da na ji ana kiran sunansa a radiyon ofis ana cewa aikinsa ya yi kyau, sai na tashi na bar musu wurin.

Kafin masu lamba su iso aka yi sadakar arba'in ɗin Goggo. Matan gari sun taru ana rabon waina, Hajiya Ramatu ta tambaye ni aikin me nake yi a birni ne. Na gaya musu. Ban ƙara ba, ban rage ba: kwalin allura, sifilin kowace Litinin, da abin da sifilin ya hana zuwa. Na san abin da nake yi, kada ka zaci suɓutar baki ce.  Ashe a cikinsu mata shida Majo ya nuna musu hanyar Jibiya da marasa lafiyarsu.

Shekaranjiya motoci biyu suka iso Garin Kurna, mai duba aikin yana ciki, ya zo ganin gwarzon majo. Aka kafa tebur biyu. Majo Audu ya ɗauki na ƙarƙashin kurna, inuwa mai sanyi, ya sa sabuwar farar riga, bindigar lamba ta yin allurar rigakafi a hannu. Ɗayan teburin yana fili cikin rana, wani baƙon ma'aikaci daga Maradi ke riƙe da shi.

Yaya, gari ya fito kaf, har da na ƙauyuka. Layin rana ya miƙe ya wuce rijiya ya zagaye masallaci. Mata da goyo, tsofaffi da sanduna, ƙasa tana ƙuna. Gaban Majo Audu babu ko akuya. Ya kira, ya yi raha, ya ce ku zo nan ga inuwa kyauta. Wata yarinya ta nufi wajensa, uwarta ta jawo ta da zane. Mai duba aikin ya tambayi mai gari lafiya? Tsohon ya gyara rawani ya ce, “Lafiya lau, ranka ya daɗe. Hannun Majo ne ya saba da nuna hanyar Jibiya, muna tsoron kada allurar ta bi can.”

Mai duba aikin ya dubi Majo, ya dubi Dokta, ya ciro biro ya rubuta wani abu. Ban ga abin da ya rubuta ba, don haka ba zan ce maka an hana shi Maradi ba. Ban sani ba. Abin da na gani da idona shi ne an karɓi bindigar daga hannunsa an ba wani, nan take layi ya rabu biyu, inuwa ta cika. Shi kuma ya tsaya gefe da farar rigarsa har la'asar, ba wanda ya kore shi, ba wanda ya gaishe shi. An yi wa mutum dubu huɗu da ɗari biyu da goma sha bakwai a ranar farko. Baba Hassan yana cikinsu.

Bai ishe ni ba, Yaya, kuma har yanzu ban yafe ba. Amma ina cin abinci.

Ka gaida Kawu da Yaya Jamila, ka shafa mini kan yara. Allah ya ɗauke mana wannan cuta, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Taka har kullum,
Zulai