A Maido Mana da Janaretan Dioscoro

Perpetua A. Gaviola,
Layin Bakin Teku, Balud Norte,
Tsibirin Samar.
2 ga Disamba, 2024.

Zuwa ga Mai Girma Darakta,
Shirin Tallafi na "Rana a Kan Rufi",
Ofishin Makamashi na Lardi.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: KARƁE JANARETANMU DA HALIN DA HAKAN YA JEFA MIJINA A CIKI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce mai suna a sama, tsohuwar malamar firamare, matar Dioscoro Gaviola, wanda yake kwance a asibitin lardi tun ranar 18 ga Nuwamba. Kai ƙara ba halina ba ne. Idan alƙalamina ya zarce a wani wuri, ina roƙon a yi mini uzuri.

1. Mijina ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana busar da kwakwa a kan hayaƙi, hayaƙin kuwa ya cinye masa huhu. Yau shekara biyu numfashinsa yana hannun wata na'ura mai ba da iska, wadda lantarki ke tafiyar da ita. Wutar garinmu kuwa ranka ya daɗe ya san halinta, tana tafiya ba sallama. Shi ya sa muka ajiye ƙaramin janareta a bayan ɗaki, ana ɗauke wuta in ja igiya.

2. Ranar 9 ga Mayu ma'aikacinku Reynante Ocenar, wanda na taɓa koyarwa a aji huɗu, ya zo mana da albishir cewa gwamnati za ta sa mana allunan sola kusan a kyauta, da sharaɗin mu miƙa janaretanmu, don ana so a rage hayaƙi a ƙasa. Na kama hannunsa na kai shi har gaban na'urar, na tambaye shi me zai faru ranar da aka ɗauke wuta. Ya yi dariya ya ce, "Haba Malama, ke da za ki mallaki rana sukutum, me za ki yi da wannan tsohon mai tari?" Dioscoro daga kan gado ya ce a ba su, shi ma ya gaji da hayaƙi. Ranar 23 ga watan aka kafa allunan, aka ɗora janareta a bayan mota muna ta godiya.

3. Gaskiya ba zan ɓoye ta ba, kuɗin wuta ya ragu, har na riƙa tallata shirin a bakin coci.

4. Guguwar 16 ga Nuwamba ta kayar da turakun wuta daga nan har gadar kasuwa, amma ba ta taɓa rufinmu ba. Muka lallaɓa da 'yar tukunyar iska da muke ajiye da ita, ina ce masa ya yi haƙuri rana ta fito. Ranar 18 rana ta fito tarau tana dukan allunan, na'urar kuwa ko ƙyas. Babu maɓallin da ban danna ba. Sai na ɗauka gishirin teku ne ya rufe allunan, na jingina tsani na hau rufi da tsumma da bokiti, ni da shekara sittin da bakwai. Ina can ina goge gilashi kamar mahaukaciya, tukunyar iska ta kusa ƙarewa a ƙasa. Da na sauko na tarar leɓensa ya yi baƙi, yana kallona bai iya kiran sunana ba. Maƙwabcinmu Pido ne ya ɗauke shi a babur mai ƙafa uku, mutane suna sare masa rassan da suka tare hanya.

5. Sai a makon jiya wani injiniyanku ya bayyana mini cewa irin solar da kuka sa mana tana kashe kanta da zarar wutar gari ta ɗauke, don kada ta kama masu gyaran wayoyin lantarki, kuma ba ta aiki ita kaɗai sai da batir, wanda ba ya cikin tallafin. Ba na jayayya da wannan dalili, masu hawa turaku ma 'ya'yan wasu ne. Abin da ke ci mini rai shi ne na tambaya, da bakina, a gaban marar lafiya. Reynante ya zo asibiti ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula, ya rantse shi ma ba a taɓa gaya masa ba. Na yarda da shi, kada a huce a kansa.

6. An ce wuta ba za ta dawo layinmu ba sai bayan sabuwar shekara. Likita ta ja ni gefe ta ce ba ta zaton Dioscoro zai ga Kirsimeti, kuma ba za ta sallame shi zuwa gidan da na'urar ba za ta yi aiki ba. Na nemi aron janareta, kowa nasa yana bakin aiki, ofishinku kuma ya ce ko na samu dokar shirin ta hana. Shi ba warkewa yake roƙo ba. Kullum maganarsa ɗaya: "Perpe, ki kai ni gida, nan ko ƙarar teku ba na ji." Ni kuma kullum in ce masa gobe. Tun da muka yi aure ban taɓa yi masa ƙarya irin ta makon nan ba, kuma abin yana ƙona mini zuciya.

Don haka nake roƙon mai girma Darakta ya ba da umarni a maido mana da janaretanmu, in ba a riga an farfasa shi ba, ko a ara mana batir. Ba na neman diyya. Ina kuma roƙo a bi gida gida a faɗa wa mutane gaskiyar wannan sola, musamman waɗanda suka shiga saboda sun ji daga bakina.

Na san takardu suna da layinsu, ban kuma isa in tsallake kowa ba. Sai dai shekaranjiya ya sa na kawo masa takalmansa daga gida, wai don motarku tana zuwa da janaretan ta same shi a shirye ya koma gida. Na jera masa su a ƙarƙashin gado, kowace safiya sai ya leƙa ya ga suna nan.

Allah ya ƙara wa mai girma lafiya.

Taku cikin ladabi,
Perpetua A. Gaviola