Takarkarin Baba Barau da Rantsuwar da Na Ƙi Yi

Malam, ka taimake ni da shawara, kaina ya kulle.

Ni mai bin Almasihu ne, mutumin ƙasar Zazzau. Bara aka turo ni Maigatari ina yi wa shanu allurar rigakafin cutar bushiya. Da muka iso ni da matata Hannatu, babu wanda ya ba mu masauki sai wani dattijo, Baba Barau. Ya ga ba na salla, bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ba.

Yana da takarkari guda, baƙi, da shi yake kai gero Gumel, da shi yake ci da gidansa. Ran Alhamis da ta wuce wani mutumin Damagaram ya riƙe shi a kasuwa, wai nasa ne da aka sace da damina. Malam, ni na yi wa takarkarin nan allura tun kafin damina, ni na tsaga masa kunne da almakashina kamar yadda muke yi wa duk wanda muka yi wa. Baba ya sa aka kira ni gaban sarkin zango, na faɗi abin da na sani. Sai sarkin ya ce in ce wallahi. Na tuna Ubangijinmu Yesu ya hana mu rantsuwa, i ɗinmu ya tsaya i. Na yi shiru. Aka sake cewa in rantse, na sunkuyar da kai. Jama'a suka ɗauka shakka nake yi, wani har ya ce Baba ne ya kitsa mini.

Yanzu san yana ɗaure a zango, sai bayan kaka mutumin zai dawo da shaidunsa. Baba bai ce mini komai ba, yana amsa gaisuwata, tuwo ma yana zuwa daga cikin gida. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Hannatu ta ce na yi daidai, sai kuma ta ce mu tashi daga gidan. In shiga, in fita, in ɗauki almakashin, in ajiye, wallahi ko aiki ba na iyawa. In na rantse na saɓa wa Ubangiji, in na ƙi dattijon nan ya rasa abin da yake ci da shi. Yaya zan yi?

Baƙo a Maigatari

Ɗan'uwa, salama gare ka.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na ƙirga wallahi biyu da ka yi a cikinta. Ka kashe ɗaya a kan zagi, ɗaya a kan kasa aiki, amma ka hana dattijon da ya ba ka ɗaki. Ban faɗa don in kunyata ka ba, bakinmu duka ya saba da ita. Na faɗa don ka tambayi kanka: a kasuwa umarnin Ubangiji kaɗai ya rufe maka baki, ko har da tsoron bayyana wa taro wanda kake bi?

Game da rantsuwar, manyanmu sun rabu. Wasu sun ce ta banza aka hana, ba ta gaban mai hukunci ba. Wasu ba sa yi ko kaɗan. Tunda zuciyarka ta ƙi, ba zan ce ka take ta ba. Amma ba a umarce mu da shiru ba, an umarce mu da i mai ƙarfi. Sarkin zango kuwa bai zalunce ka ba. Baƙo ne kai, bai san nauyin maganarka ba, ya nemi abin da ya saba.

Kada ka jira kaka. Fara da Baba Barau: ka zauna gabansa, ka gaya masa ko kai wane ne da dalilin shirunka, ka nemi gafara. Sannan ku tafi wurin sarkin zango tare. Ka ce addininka ya hana ka rantsuwa, ya kuma hana ka ƙarya da ɓoye shaida. Kafin a kawo san, ka faɗi kunnen da ka tsaga da siffar tsagar. Ka nemi a duba shanun da ka yi wa allura rana ɗaya da shi, a gwada bakin almakashinka. Tsagar da ta warke tun kafin damina, kowane mai shanu zai gane ta.

Ban ce lalle za a karɓa ba, wataƙila ma wasu su guje ka. Duk da haka kada ku bar gidan, tashinku zai gaskata masu cewa an kitsa maka. Daga yau kuma ka tsare bakinka a kan ƙananan abubuwa, har Maigatari ta san i ɗinka ba ya bukatar ɗauri.

Ka gaishe da Hannatu. Allah ya mayar da takarkarin nan hanyar Gumel da kayansa, ya ba ka bakin faɗin gaskiya a gaban taro.